Inna, na ji bugun ƙullunki a Barazil

Assalamu alaikum Inna, gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Ɗiyarki Rabi ce, daga Vénissieux, kusa da birnin Lyon, nan Faransa. Maigidana Malam Sani yana lafiya, ɗiyata Ummi takwararki ma ta koma makarantar lakwal, har ta fara haɗa baƙi.

Bari in fara da ƙorafi, tunda kin san halina. Tun da kika rasu ban taɓa ganinki a mafarki ba. Yaya Hadiza ta gan ki, Balki ta gan ki, har Iliya da ba ya aikuwa ya ce kin zo masa. Ni ko ƙeyarki. Da na yi wa Yaya kuka a waya sai ta mai da abin wasa, wai ta yaya matar da ba ta taɓa wuce Damagaram ba za ta gane ɗakina a cikin benayen unguwarmu Minguettes, duk kamarsu ɗaya? Na yi dariya, amma wallahi maganar ta zauna mini a rai.

To, watan Satumban nan wurin aiki suka tura ni taro a kan noman wake, can Barazil, wani gari a bakin teku ana ce masa Salvador. Na baro Lyon ganye ya fara ja, mutane sun fiddo rigunan sanyi. Na sauka can, sai ga ɗumi irin na gida bayan an ɗauke ruwa. Inna, mangwaro ne, kwakwa ce, ayaba har bakin hanya. Mutanen kuma baƙaƙe kamar mu. Na yi ta waiwaye, ina ganin kamar ga Gwaggo Mairo can za ta tsallaka titi.

Ranar da aka tashi taro da wuri na koma masauki na kishingiɗa bayan la'asar. Taga a buɗe, iskar teku tana kaɗa labule. Tsakanin barci da ido biyu sai na ji shi: fat, fat, fat. Na rantse miki na ɗauka a ɗakinki nake, kan tabarma, kina tsakar gida kina bugun ƙullun ƙosai a babbar ƙwaryar nan mai ɗinki. Har na ji ƙamshin albasa. Na ƙi buɗe ido don kada ki tafi.

Amma sautin bai tsaya ba. Na yafa gyale na sauka ina binsa, lungu bayan lungu, har wani fili gaban wani tsohon coci. Ga wata dattijuwa zaune, fararen kaya, ɗaurin kallabi ya fi naki girma, tana bugun ƙullu da muciya a cikin tukunya. Waken dai ne, Inna, mai baƙin ido, an surfe shi tas. Ƙosai ne! A manja take soyawa, ta tsaga shi ta cusa yaji da jatan lande. Da kin gani da kin riƙe haɓa kin ce, "Ikon Allah, ɓarnar mai!"

Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na tsaya a kanta kamar wata sakara, hawaye na zuba. Ta dube ni, ta dubi hannuna, sai kawai ta matsa ta miƙo mini muciyar.

Kin san ban taɓa buga miki ƙullu ba. Kullum korata kike, "Je ki ga bokonki, wannan ba ya ƙarewa." Nawa dai in zauna a bakin ƙofa ina jiran ƴan ƙananan da kike tsamo mini. Nan Faransa kuwa na sha gwadawa da injin markaɗe, ya fito a kwance ya sha mai, har Malam Sani ya ce in bar wa masu shi. Amma ranar nan da na riƙe muciyar, hannuna ya tafi da kansa. Daga ƙasa zuwa sama, gefe guda, ba gaggawa. Kunnena ne yake gaya masa. Na tuna kina cewa, "Ƙullu sai ya sha iska kafin ya sha mai." Na yi ta bugu har ya yi fari ya taso, tsohuwar tana tafi tana dariya. Ashe duk shekarun nan kina koya mini ina barci.

Na dawo na tarar sanyi ya shigo sosai. Ranar Lahadi na jiƙa wake tun asuba, na markaɗa, na juye a roba, na ɗauko muciyar da na sayo can. Ina tsakiyar bugu sai na ji motsi. Ummi ce, ido duk barci, ta ja bargonta ta zauna a bakin ƙofar kicin ta haɗa gwiwa da ƙirji. Ba wanda ya ce ta zauna nan. Na tsamo mata ƴan ƙananan, tana hurawa tana ci, ni kuma na juya baya don kada ta ga fuskata.

Har yau ban gan ki ba, Inna, kuma ina kewarki fiye da yadda zan iya faɗa. Amma yanzu ba ki da hujja. Kowace Lahadi da safe zan buɗe taga, ko ana sanyi, in yi ta bugu. Ba sai kin ƙirga benaye ba, ki bi sautin kawai, za ki gane gidan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya hannuwan nan da suka sha zafin mai saboda mu. Allah Ya haɗa mu inda ba rabuwa. Amin.

Taki mai jira,
Rabi