Tsakuwa Biyu a Ƙwaryata

Garhanga, 9 ga Afrilu

Tasi'u, Ayuba ya fasa tafiya! Ya kwance jakarsa, wutar maƙerarmu ba za ta mutu ba!

Ka gafarce ni, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum, aminina. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Laraba, yaya zafin Madawa? Mu nan sai godiya.

Ka tuna na rubuta maka cewa ɗana Ayuba ya rantse zai tafi biɗa Libiya, don kalmen da muke ƙerawa ya taru a zaure ba mai saye. Hannuna ya daina ɗaukar masaba yadda ya kamata. In ya tafi, maƙerar da muka gada tun kakan kakana ta rufe ke nan.

Ana haka sai ɗiyarsa Rufaida, jikata, amaryar tawa ta wasa, ta zo hutu daga Tawa, inda take karatun tafiyar da purje, wato ayyukan raya karkara. Ta zaunar da mu a tabarma, ta buɗe kaye, littafinta na rubutu, ta tambaye mu abin da muke son cim ma. Na ce ƙera kalme irin na babana. Ayuba ya ce sayarwa. Ta ce jaki ɗaya ba ya bin hanya biyu, sai mun haɗa baki a layi guda. Bayan gardama muka tsaya a kan wannan: kafin ruwan farko, masu haƙa tassa, ramukan nan na tare ruwan sama, a gonakin garin nan su riƙe kalmenmu.

Sannan ta zana itace a ƙasa da tsinke. Gindin shi ne matsalar, saiwoyi dalilanta, rassa kuma abin da take haifarwa. A reshe ɗaya ta rubuta tafiyar ubanta. Da muka gangara saiwa ta tambaye ni wa ke haƙa ramukan tassa da rani. Na buɗe baki zan ce maza, sai na tuna. Tasi'u, mazan suna Abijan da Libiya! Shekara nawa mata ke wannan aiki a gaban idona, ni kuwa ina ƙera wa ƙato kalme mai nauyi, mai kaurin ƙota. A kasuwa tsofaffin magidanta muke tambaya, su jinjina shi a hannu su yaba, alhali ba su za su haƙa ba.

Na ce to, zan tambayi matan da kaina. Na bi gida bakwai, kowace ta durƙusa ta ce madalla, Baba, ƙarfenka ba laifi. Na dawo ina taƙama. Rufaida ta yi dariya har da hawaye. Ta ce rabinsu surukaina ne, rabi kuma ni na raɗa musu suna, wace ce za ta dubi idona ta kushe ƙirata?

Sai ta kore ni daga wurin. Ta tara mata talatin a gindin gawo, ta ajiye kalme uku, kowane da ƙwarya a rufe kusa da shi. Kowace mace ta haƙa rami da duka ukun, sannan ta jefa tsakuwa a ƙwaryar wanda za ta iya wuni da shi. Rufaida na gefe tana rubuta abin da ke fita bakinsu.

Nawa, ƙirar babana, tsakuwa biyu ya samu. Ɗaya ma ta Hasana ce, matata, kuma daga baya ta gaya mini don tausayi ta jefa. Mafi yawa sun tafi ga wani tsohon kalme da ƙasa ta cinye bakinsa har ya sirance, wanda na so in narke. Hindatu matar liman ta aiko jikar tawa da saƙo, wai ta gaya wa angon nata ba rijiya suke ginawa ba, kuma da goyo a bayansu.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo. Kwana uku ban leƙa maƙera ba. A na huɗu na ji ƙarar zuga-zugi, na fito na tarar Ayuba na bugun sabon kalme, kayen ɗiyarsa a buɗe gabansa. Na zauna na fere masa ƙota siririya, daidai tafin mace. Sau biyu matan suka maido shi, sau biyu muka gyara, mun rage baki, mun ƙara lanƙwasa wuya. Na uku bai dawo ba. Hindatu ta hana kowa taɓa shi.

Yanzu har daga ƙauyukan Buza ake aiko mana. Jiya Ayuba ya fito da takalman da ya saya don hanya, ya ba ƙanensa.

Layin nan da muka haɗa baki a kansa, ni na rubuta shi da gawayi a bangon maƙera, da hannun nan da ya koyi riƙe alli ina da furfura, kana gefena muna kokawa da baƙaƙe a makarantar yamma. Harafi ɗaya kawai Rufaida ta gyara.

Ka zo, Tasi'u. Ka taho da Laraba da jikokinka da duk wanda mota za ta ɗauka, ku ga bangon, ku ga hayaƙi na tashi. Tsakuwoyin biyu ma suna nan a kan uwar maƙera, zan nuna maka ta Hasana.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Sule Maƙeri