Gwaggona Na Son Sayar Da Gyadarta Ta Sayi Hannun Jarin Banki

Salamu alaikum Hajiya. Don Allah ki taimake ni, yabon da ake yi mini ya fara tsorata ni.

Ni ne farkon mai digiri a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kunci, kuma aikin akanta na karanta. Bara Baba ya so ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi hannun jarin wani banki, don kowa na cewa farashinsa tashi yake yi. Na duba rahoton bankin. Bashin da aka kasa biyansa ya yi yawa in aka gwada shi da duk abin da ya ranta wa mutane, jarinsa siriri ne, farashin kuma ya ninka ainihin dukiyarsa. Na roƙi Baba ya dakata. Kasuwar ta rushe, shanunmu na nan, da su muka yi huɗa bana. Yanzu ko a majalisa labarina yake bayarwa, kuma gaskiya ina jin daɗi.

To, ƙanwarsa, Gwaggo Asama'u, mijinta ya rasu, gyadar rumbunta ce abincinta da irin shukarta. Ta ce in zaɓa mata banki ta sayar da gyadar ta sayi hannun jarinsa. Na ga wani mai ƙarfin jari, ribarsa daidai, farashinsa ƙasa da dukiyarsa. Amma in ya ƙara faɗuwa fa? In kuma na ƙi, za ta ce na yi wa Baba na hana ta.

Daga Mai Fargaba

Wa alaikumus salam ɗana. Alfaharin nan halalinka ne, karatunka ya tsare wa gida shanu.

Lissafinka yana nuna lafiyar banki, kuma masu saye na dubansa. Sai dai a irin wannan tsanani, tsoro kan danne farashin banki mai lafiya shekara da shekaru. Mai rarar kuɗi zai iya jira. Gwaggonka kuwa ruwan farko na sauka za ta nemi iri.

Ka je ɗakinta da kanka, ka zauna ƙasa, ka nuna mata abin da ka yi wa Baba shi kake yi mata, wato hana sayar da abin noma. In kaka ta yi kyau ta samu rara, ku fara tambayar malami hukuncin jari a bankin da ke mu'amala da kuɗin ruwa, sannan ku yi shawara.

Allah Ya yi maka albarka, Ya cika mata rumbu.