Tafarnuwar Babana a Bayan Gini na Shida

Goggo Ruan, ina gaishe ki. Don girman iyayenki ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, domin raina ya ɓaci har na fara jin tsoron abin da zai fito daga bakina. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri idan zancen ya zo a hargitse.

Ni mai gadi ne a wani rukunin gidaje a nan Chengdu, a ƙofar gabas nake tsayuwa. Tun da na kama aiki ban taɓa sa-in-sa da kowa ba. An zage ni don ban ɗaga sandar tare motoci da wuri ba, an zage ni don na ɗaga da wuri, duk na ce a yi haƙuri.

Babana ya zo daga ƙauyenmu na duwatsun Bazhong a cire masa yanar ido. An yi na dama, likita ya ce na hagu sai wata mai zuwa. Tun rasuwar mahaifiyata shi kaɗai yake zaune, da ƙyar na shawo kansa ya zo. A ɗan ɗakina na ƙarƙashin gini muke kwana.

Da idon ya washe, babu abin da ya gani ya burge shi. Ya shiga lif yana tambayar mutane ko sun ci abinci, kowa kansa na kan waya. Ya dawo ya ce da ni, "Kai ɗan nan, makoki ake yi a gidan nan ba ka gaya mini ba?" Ya sunkuya zai yi wa jariri wasa a keken turawa, sai ya tarar da kare sanye da rigar sanyi. Yaran da ke kawo abinci a babur kuwa, cewa ya yi a garin nan kowa na da murhu amma ba mai wuta. Tsofaffin matan da ke rawa a fili da yamma su kaɗai ya ɗan yaba, ya ce ƙarfin nan da gona ce ta same shi da an ga hatsi. Amma abin da ya fi ci masa rai ciyawa ce. Kullum da safe a ba ta ruwa mai tsabta, a aske ta, kuma ko akuya ɗaya ba ta ci.

A bayan gini na shida akwai wani lungu da ciyawar ta mutu tuntuni, nan karnuka ke ba-haya. Baba ya kwashe ƙazantar, ya sassabe wurin da guntun ƙarfe, ya dasa tafarnuwa da albasa mai ganye. Goggo, daga ranar ya fara cin abinci sosai, ya daina tambayata lokacin tashin motar gida. Na san doka ta hana, amma na kau da kai.

Sai wata mai suna Madam Lei ta ɗauki hotonsa ta baya yana tsugune, ta sa a zauren hira na waya da mazauna gidajen ke ciki, ta rubuta, "Wa ya kwaso mana ƙauye ya zube a tsakar gida?" Aka yi ta dariya. Wani ya ce gobe sai alade. Ni ma ina cikin zauren saboda aiki, dole in karanta, ba ni da ikon amsawa. Kuma ni da ke gaban allon kyamara na san masu tsinkar albasar. Mai maganar alade da kansa ya tsinki dami ya cusa a aljihu, yana waige-waige. Karen Madam Lei yana cikin waɗanda suka kashe ciyawar tun farko. Ba zan ɓoye miki ba, Baba yana jiƙa dusar waken suya a gora ta ruɓe ya zuba a matsayin taki, kuma tana ɗan wari. Amma kashin kare turare ne?

Jiya Manaja Tang ya kira ni. Ya ce, "Ƙaramin Pu, kai yaron kirki ne, shi ya sa ban aiki wani ba. Masu duba tsafta za su zo Asabar. Ka tuge da hannunka. In ba za ka iya ba, akwai masu jiran hular gadin nan."

Baba bai san da hoton ba, wayarsa ta kira ce kawai. Amma wata mai shara ta tsegunta masa cewa za a tuge. Ya ce mini, "Ranar da aka taɓa shukar nan, ranar zan hau mota. Ido ɗaya ya ishe ni ganin hanyar gida." Na san shi, zai aikata. Bai san ɗansa aka ce ya tuge ba.

Wani lokaci in ce bari in tuge a ɓoye in ɗora wa masu aske ciyawa. Wani lokaci in ce bari in watsa hoton ɓarayin albasa a zauren, in ajiye musu hularsu. Ni dai ba na son ya koma da rabin gani. Yaya zan yi?

Mai Gadin Ƙofar Gabas

*

Ɗana mai gadi,

Fushinka yana kan hanya. Wadda ta ɗauki hoton dattijo ta baya don a yi dariya ta yi rashin tarbiyya, wanda ya zagi shuka kuma ya ci daga cikinta ya fi ta. Ban nemi ka ga kyawunsu ba.

Amma ka saurari ɗaya ɓangaren. Filin na kowa ne, ba na wanda ya riga kai ƙarfe ba. Idan aka bar wa mahaifinka lungu, gobe tsofaffi goma za su fito da nasu ƙarafan. Warin da ka kira ɗan wari kuma, ina zargin mai taga a saman wurin ba haka zai kira shi ba. Manajanka ma bai wulaƙanta ka ba. Da ya ga dama da ya tura wani ya tattake shukar ba sallama.

Dabarunka biyu duk ka watsar. Hoton kyamara amana ce ta aiki. Ranar da ka watsa shi ka rasa aikin, ka rasa ɗakin, kuma mahaifinka ya rasa inda zai kwana ya jira likita. Ƙarya kuwa ba za ta kwana biyu ba a wurin da mai shara ke kai labari. Tsoho zai iya yafe wa baƙi, amma zai daɗe bai manta ɗansa ya ruɗe shi ba.

Ga abin yi. Ka je wurin masu kifi a kasuwa ka roƙi fararen akwatunan soso da suke zubarwa. Tafarnuwa da albasa suna jure dashe idan aka ɗebo su da ƙasarsu. Ka koma wa Manaja Tang da roƙo ƙarami wanda ba zai ji nauyin amsawa ba: wurin ajiye akwatuna a bayan ɗakin gadi ko a kan rufi, zuwa a gama aikin ido, kuma babu sauran ruɓaɓɓen taki. Sannan ka zaunar da mahaifinka ka gaya masa kai aka umarta, kuma aikinka ne a kai. Zancen hoton ka bar shi a cikinka, ba zai ƙare shi da komai ba. Kada ka taɓa ko ganye ɗaya. Shi zai yi dashen, kai ka riƙe masa akwati.

Sauran magana ɗaya. Na ga tsofaffi da yawa da suka jure aikin ido na farko don ba su san yadda yake ba, suka yi ta neman dalilin gudun na biyu. Manomin da ya yi shekaru yana asarar gona ga ruwa da ƙwari ba zai bar idonsa saboda tafarnuwar da ba ta cika kwando ba. Ina ganin tsoro yake ji, ga kewar gida, kuma ba zai taɓa faɗa wa ɗan da ya haifa ba. Kada ka tambaye shi. Ka dai gaya masa ka nemi hutun ranar, za ka shiga da shi har bakin ƙofar ɗakin aikin, kuma kai za ka raka shi gida da kanka idan likita ya sallame shi. Mutumin da ya san ranar komawarsa ya fi iya zama.

Ina yi wa Baba fatan samun lafiya, ya koma Bazhong da idanunsa biyu. Kai kuma ka ci gaba da riƙe hularka.

Goggo Ruan