Waƙar Hadiza Tana Yawo, Mai Waƙar Yana Zaune

Zuwa ga Shugaban masu tura waƙoƙi a salula na kasuwar Tasawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya, na rubuto kan wana, Ilu mai gurmi na Hawandawaki. Na daɗe ina juya maganar, har yau ban tabbata ku ne ya kamata in kai wa kuka ba.

Na farko. Sana'ar Ilu ita ce a kira shi biki, ya tsara wa amarya waƙa da sunanta, dangi su yi masa liƙi. Da wannan yake cika rumbu idan hatsin gona ya gaza. Bara da kaka ya yi wa wata Hadiza waƙa a garin Sarkin Hausa, wani ya ɗauka da salula, ta iso rumfunanku. Dala ashirin ake tura ta.

Na biyu. Tun daga nan, duk gidan da amaryarsu Hadiza ce, lasifika suke haya su saka waƙar. Sannan masu Hadizatu da Dije suka bi. A Mayahi na ji ta a bikin wata Rabi, mai lasifikar yana rage sauti wurin sunan, 'yan mata suna cikewa da baki. Sun yi rawa sosai, ban iya jin haushinsu ba.

Na uku, nan ne kaina ya kulle. Yaranku ba su shiga gidan kowa ba, abinci suke nema. Ilu kansa, da wani direba ya ce masa ana jin muryarsa har Agadas, kwana ya yi yana murna. Amma bana ba a kira shi biki ba, ya sayar da akuyarsa. To sata ce ko talla? Na tambayi limaminmu, ya ce zai duba.

Roƙona, ranka ya daɗe: ku zauna da Ilu ku ji ta bakinsa, ku kuma riƙa faɗa wa mai saye cewa mai waƙar yana raye, ana iya kiransa.

'Yata za ta yi aure bayan girbi. Sunanta Hadiza. Dangin ango sun aiko cewa kada in wahalar da tsoho, suna da waƙar. Ban san abin da zan ce wa wana ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a rumfunanku. Wassalam.

Mamman, ƙanen Ilu,
Tasawa.