Yafiyar Da Na Yi a Bakin Titin Shagari

Zuwa ga Innar yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, ga labarin gida. Da hannuna nake rubutawa, hannun nan da kika riƙa yi wa dariya in na dawo daga ajin yamma da tawada a riga.

Hauwa matar autanmu Bello ta sauka. Mace ce, an maida sunanki. Ina ɗaukarta ina ce mata amaryata, ita kuwa sai ta yamutsa fuska kamar yadda kike yi in gishiri ya yi yawa a miya. Rabona da farin ciki irin wannan tun kina nan.

Amma saura kaɗan dukanmu mu tarar da ke.

Tana Shagari wurin iyayenta naƙuda ta yi tsanani, aka ce a kai ta asibiti. Bello ya ɗauko bas ɗin da yake haya da ita, ina gaba, Hauwa da uwarta suna baya. Kafin mu shigo Bodinga, tayar wata motar albasa ta fashe, ta yo kanmu. Har yau ƙarar tana cikin kunnena. Albasa ta watse a titi, gilashi a cinyata. Abin da ya fi tsorata ni, Hauwa da ke nishi tun daga gida ta yi tsit. Na kasa waiwayawa. Sai da uwarta ta ce tana numfashi, aka sa su a keke napep suka wuce asibiti.

Direban motar albasar yaro ne, bai kai Bello ba. Ya cire hula ya durƙusa gabana. Kin san bakina. Na ce tashi ɗana, mun yafe, Allah ya kiyaye gaba. Jama'a suka sa albarka, aka ture motoci gefe, aka taya shi kwasar albasa. Ba wanda ya dubi lambar motarsa.

Bayan kwana biyu na raka Bello ofishin inshora a Sakkwato. Ma'aikacin ya duba takardarmu, ya ce irin wadda ke biyan wanda Bello ya buge ce, ba ta gyara tamu motar. Kamfanin inshorar mai motar albasa ne zai biya, sai a kawo lambarsa da takardarsa da rahoton 'yan sanda. Ya tambaya wa ya sallami direban. Bello ya sunkuyar da kai.

Bai taɓa ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini ciwo. Bas na ajiye wurin mai gyara, gefe ɗaya a lotse, ita ce kuwa ke ciyar da gidan. Na riƙa tunanin na tashi in yi wa ɗan wani alheri, na karya nawa ɗan. Abinci ya daina shiga.

Ranar suna, ana rabon goro, na hango direban nan a bakin zaure da rabin buhun albasa. Umaru sunansa, mutumin Mandera. Ya ce tun ranar bai samu barci ba, ya yi ta tambaya a tasha ko matar ta rayu, har aka kwatanta masa gidanmu.

Yafiya ce na yi a gaban jama'a, yaya zan buɗe baki in ce a dawo mini da ita? Na tuna kina cewa in kunya ta hana ni magana, ke da yara ne kuke biya. Na ja shi gefe, na yi ta inda-inda kamar ranar da aka fara tsayar da ni in karanta allo a aji. Da ya gane inda na dosa, sai ya ce, “Baba, ai ni kay yahe ma, ba kamfani ba. Kuɗin ga da muke ba su duk shekara, na mine ne?”

Washegari suka je wurin 'yan sanda shi da Bello, daga nan ofis. Bello ya ce wasu direbobin takardun inshorarsu na bogi ne, don haka ina zaune a zaure da carbi har suka bugo waya. An duba, ta Umaru ta gaske ce. Jiya mutumin kamfani ya zo ya ɗauki hoton motar, ya ce a fara gyara. Da yamma Bello ya zauna muka ci tuwo a kwano ɗaya.

Tsoron dai bai sake ni ba. In babbar mota ta wuce ina riƙe da takwararki, sai in ji na ƙanƙame ta har ta yi kuka. Hauwa ta ce in na ci gaba za ta raba auren.

Allah ya jiƙanki, ya sa kina cikin ni'ima. Ya raya wannan yarinya da halinki, ya tsare Bello da Umaru a kan hanya, ya haɗa mu a inda ba firgita.

Naki har gobe,
Angon takwararki, daga Bodinga.