Kunkuru

Yaya Rabi,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya Maradi, yaya jikin naki? Ko ruwa ya sauka wajenku? Mu nan Akokan shiru.

Yaya, Baban Hadiza ya rasu. Tun da aka rage ma'aikata a kamfanin haƙar ma'adinai yake zuwa Agadas neman aiki, sai motarsu ta taka nakiya a hanya.

A bakin famfo na fara ji. Mata suna cewa Kunkuru na cikin motar, na ce Allah ya jiƙansa, na ɗauki ruwana na tafi gida na ɗora tukunya. Ashe mijina na yi wa addu'a. Sai da abokan aikinsa suka yi sallama, babu mai iya kallona, sannan na gane.

Ashe a ramin ma'adinai kowa da sunan dabbarsa, kuma ba sa kawo sunan gida. Na tambayi Malam Sani, wanda suke kira Zomo, ko don sanyin jikin Baban Hadiza ne suka sa masa Kunkuru. Ya ce, "Haba Maman Hadiza! Ai shi ne ƙarshen fitowa kullum. Ba ya hawowa sai ya ga kowa ya hau."

Ki sa mu a addu'a, ki gaida su Kawu.

Har yanzu ba a gaya wa Inna, mahaifiyarsa, ba. Don Allah ki je da kanki kafin direbobi su riga ki. Ki faɗa mata da sunan da ta raɗa masa.

Ƙanwarki,
Zuwaira