Dutsen gugar da Yaya ya kawo daga Makka

Litinin, 12 ga Disamba, 1977

Yaya Rabo ya dawo daga aikin hajji da haƙorin zinariya da tsaraba akwati uku. Ya ba matarsa Hajaratu dutsen guga na lantarki, tunda yanzu akwai injin wuta a gidansa, duk Ƙanƙara ta sani. Na juya dutsen, na ga an rubuta bolt 110, amfiya 5. Injinsa 220 yake bayarwa. Na buɗe baki ke nan ya ce, gaban baƙi, "Malama, ko wannan ma darasi za ki ba mu? Ajiye, ba allon makaranta ba ne." Aka yi dariya. Na ajiye.

Talata, 13 ga Disamba

Na yi lissafin a bayan rajistar aji. 110 a raba da 5, turjiyar wayar cikinsa om 22 ke nan, ƙarfinsa wat 550. A sa masa 220, zai ja amfiya 10, wat 2,200. Ninki huɗu! Shekara goma sha tara ina koyar da wannan. Bari ya ƙone, ya ji warin kayansa.

Alhamis, 15 ga Disamba

Ya ƙone. A hannun Hajaratu. Wayar ta kama da wuta kan babbar rigar Yaya, Hajaratu ta damƙe ƙarfen don ta ceci rigar. Tafin hannun dama, wanda take ɗinkin hula da shi. Ni ban taɓa kawo ta a lissafina ba. Yaushe Yaya ya taɓa yin guga?

Juma'a, 16 ga Disamba

Na kai ta wanke ciwo. A hanya tana ba ni haƙuri wai ta hana ni zuwa aiki. "Yaya Bilki, ƙauyancina ne, ban iya kayan zamani ba." Na ce mata ta yi shiru. Da tsawa na faɗa.

Asabar, 17 ga Disamba

Ashe akwai butar shayi ta lantarki, shago ɗaya aka saye su. Yaya ya aika wa Gwaggo Safara'u ita a Faskari, kuma ɗanta Gide gobe zai tayar da sabon injinsa. Yaya yana Sabuwa sayen masara. In na je na hana, za a tambaye ni yaushe na sani.

Lahadi, 18 ga Disamba

Na hau motar farko. Na tarar butar cike da ruwa, Gwaggo ta tara maƙwabta kallo. Bolt 110 ce. Na zubar da ruwan, na cire wayar na sa a jaka. Gwaggo ta dube ni: "Ke da kika san wannan, ina kike ranar Hajaratu?" Na ce ina nan.

Talata, 20 ga Disamba

Na gaya wa Hajaratu komai, har da abin da na rubuta Talatar da ta wuce. Ta ce, "Da Alhaji kike faɗa, ni kika samu." Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba, ban iya ba tukuna.

Kitsonta ya tsufa, ba ta iya tsefewa da hannu ɗaya. Na ce ta matso. Ba don komai ba, na ga dai kan yana damunta.